Kujerar Seu Aristeu a Gidan Kifi

Seu Aristeu Bortolazzo (Seu a wurinmu kamar a ce Malam ne) ya shekara ashirin da ɗoriya yana zanen bututu a kamfaninmu na garin Piracicaba, kuma duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa tambayarsa launin wani abu. Me ma zai kawo tambayar? Aiki ne na baƙar tawada a kan farar takarda. Gara in faɗi tun yanzu abin da mu ba mu sani ba sai can baya: idonsa ba ya raba ja da kore. Haka aka haife shi. Matarsa Dona Zuleica ce kaɗai ta sani. Ita ke fitar masa da riga da safa kullum safe, ita ke zuwa kasuwa don kada ya kwaso mata ɗanyen tumatir. Bai taɓa neman lasin tuƙi ba, ya ce keke ya fi wa jiki amfani, mu kuma muka ɗauka rowa ce kawai.

Kamfanin yana ƙera tukwane da tankuna da bututai na matatun rake, waɗanda ke tace ruwan rake su fitar da man mota mai maye gurbin fetur. A wancan zamanin gwamnati ta dage sai motocin ƙasar sun rage shan fetur, don haka aiki ya yi ta zubo mana har muka rasa wurin ajiye takarda. Ni na shiga a 1978, aka ba ni tebur a bayan nasa in riƙa kwafar zane. Sunana Nilcéia, amma bai taɓa kirana da shi ba. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce Tsinke, sunan ya bi ni har yau. In na kai masa aiki ba ya cewa ya yi ko bai yi ba. Ɗaga takardar yake yi a hasken taga, in ya ga layi ya yi ƙiba a wani wuri sai ya miƙo mini reza in kankare. Na sha kuka a banɗaki saboda rezar nan, kuma a hannunsa na iya aiki.

Na'urar zane ta farko, mai aiki da kwamfuta, ta iso bayan zuwana da shekara biyu. Aka yanke kusurwar ofis da gilashi, aka sa mata na'urar sanyaya ɗaki, mu muna waje guminmu yana ɗiga a kan takarda. Muka sa wa ɗakin suna gidan kifi, don duk wanda ya shiga sai an tsaya ana leƙensa. Launi ɗaya tak na'urar ta sani, layi mai haske a kan duhu. Ba ta iya goge layi guda. In ka yi kuskure sai ta yi walƙiya ta share komai, ta sake zanawa tun daga farko, kai kana zaune ka zuba tagumi. Ƙwaƙwalwarta ma ba a jikinta take ba, tana can ƙasa cikin wata ƙatuwar kwamfuta da masu lissafin albashi ke amfani da ita. In ƙarshen wata ya zo, layi rarrafe yake yi.

Tsofaffin masu zane suka taɓe baki, suka ce kayan wasan ɗan mai gida ne. Ɗan mai gidan kuwa shi ne Doutor Olavo. Injiniya ne, kuma a wurinmu kowane injiniya Doutor ne ko da bai taɓa duba lafiyar kaza ba. Cikin dattawan nan duka, Seu Aristeu kaɗai ya ja ƙofar gilashin ya shiga, yana dab da shekara hamsin. Mutumin da ba ya yabon ko girkin matarsa, sai ga shi yana yi wa akwatin ƙarfe magana ƙasa-ƙasa. Ya je São Paulo aka yi masa horo, ya dawo da littafin na'urar na Turanci da ƙamus, yana bin kalma ɗaya-ɗaya a lokacin hutun rana. Na tambaye shi me ya gani a jikinta.

Ya ce, "Tsinke, hannun nan wata rana rawa zai fara. Wannan abar ba ta rawa."

Na'urar ta yi tsadar da ba a barinta ta huta, don haka aka raba yini biyu. Shi ne da safe har zuwa jiniyar tsakar rana. Da aka zo neman na yamma, shi ya tsaya kai da fata sai ni, duk da akwai maza da suka girme ni a aikin. A shekarun da suka biyo baya teburan zane suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, masu su ma haka. Kowa ya gane cewa kujerar nan mai taya ta cikin gidan kifi ita ce wurin zama na ƙarshe a ofishin. Amma shi ba tsoron kora kaɗai ke riƙe da shi a kanta ba. Son abar yake, so na gaske, har Dona Zuleica takan ce da ma mashaya yake zuwa, da ta san inda za ta kai ƙara.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, shi da kansa ya jawo na'ura ta biyun. Ya gan ta a wani baje koli a São Paulo, ya dawo ya hana Doutor Olavo sakat sai da aka sayo ta a 1985. Wannan ba ta roƙon kowa ƙwaƙwalwa, tata tana ƙarƙashin tebur tana huci. Fuskarta babba ce, sai maza biyu suka ɗora ta. Tana goge layi guda ta bar sauran. Akwai wani ɗan akwati mai maɓallan murɗawa a gefenta, in ka murɗa sai matatar rake sukutum ta juya a gabanka, ka leƙa ƙarƙashinta, ka leƙa bayanta. In kana son ta lulluɓe layukan ta nuna tanki kamar na gaske, da haske da inuwa, to sai ka je ka sha kofi ka dawo. Juyin nan ne ya tafi da hankalinsa a baje kolin. Launi ɗari biyu da hamsin da shida da mai talla yake ta nanatawa bai shiga kunnensa ba.

Da aka kafa ta, sai aka bi tsarin da masu fenti ke bi a matata: bututun ruwa kore, na tururi fari, na iska shuɗi. Sannan ga babban abin da aka saye ta dominsa. In ka gama zane ka umarce ta ta bincika, duk inda bututu ya ratsa ƙarfen gini ko ya shiga cikin ɗan'uwansa, sai ta shafa wa wurin ja. Ɗan guntun ja ne a tsakiyar dajin koren layuka. Mai lafiyar ido daga ƙofa zai hango shi. Seu Aristeu ko ya manna hancinsa a gilashin ba zai gan shi ba.

Da wani ne, da ya faɗa. Shi kuwa littafinsa da ƙamus ya koma wa, har ya gano inda na'urar ke ajiye jerin launukanta. Kullum safe kafin kowa ya iso, sai ya mayar da jan ya zama shuɗi mai haske, ya ɓoye bututun iska don kada su rikita shi. Duk shuɗin da ya gani ke nan karo ne. Kafin jiniya sai ya mayar da komai yadda yake, ya goge kujera da hankici, ya ce mini in shigo kada sanyin ya tsere. Sama da shekara ya yi a haka, aikinsa tas, ba wanda ya lura.

Wata Juma'a Doutor Olavo ya shigo da wasu masu matata daga yammacin jihar, da manyan hulunansu da takalman fata. Sun ba mu aikin faɗaɗa matatarsu, kuma so suke a gama kafin yankan rake. Seu Aristeu ya murɗa musu matatar tasu tana juyawa, ya shigar da su cikin tanki ya fito da su. Babbansu ya cire hula ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Daɗi ya kama Doutor Olavo, ya kama hannun Seu Aristeu daga kan kujera ya ce yau da shi za a ci gasasshen kifi a bakin kogi. Tun da yake a kamfanin ba a taɓa gayyatarsa cin abinci da baƙi ba. Na gan shi ya waiwayi na'urar yana so ya koma, amma mutum huɗu suna tsaye a kansa, kuma me zai ce musu zai gyara? Haka aka fita da shi.

Ni na zauna na ƙarasa sashen tururi, na umarci na'ura ta bincika. Ba ja ko ɗigo. Na ga ɗan shuɗi nan da can, amma shuɗi ai iska ce, ba ta tayar wa kowa hankali. Na tura aikin zuwa injin mai alƙaluma ya zana shi a takarda, aka sa hannu, aka kai sashen walda. Cikin na'urar ba ya ɗaukar aiki biyu manya, don haka duk wanda aka gama sai a kwashe shi a kaset a share, kaset ɗin kuma a kulle a kabad ɗin Doutor Olavo. Haka na yi. Na kashe ta na tafi gida, kuma kashewar ta mayar da launukan yadda aka saba.

Ranar Litinin Seu Aristeu ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni yadda aikin Juma'a ya kasance. Na ce lafiya lau, ko ja ɗaya ban gani ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce to madalla. A nan nake jin haushinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Ya sani tun daga wannan lokaci. Abin da ake bukata kawai ya je ya karɓo kaset ya duba, amma karɓar kaset sai da dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ya ɓoye tun yana yaro. Sai ya zaɓi ya sa rai cewa babu karo a zanen. Ya rame a makonnin nan, ya daina tsokanata, ni kuma na ɗauka gyambon cikinsa ne ya motsa.

Akwai karo. An lanƙwasa bututai, an yi walda, an ɗora a manyan motoci an kai. Da aka zo haɗawa, babban bututun tururi ya nufi wani ginshiƙin ƙarfe kai tsaye, wasu biyu kuma suna neman wuri ɗaya. Rake ya nuna, an fara yanka, matata ba ta tashi ba. Rake kuwa in an yanke shi ba ya jiran kowa, tsami yake yi a cikin mota. Mutumin da ya cire hula a gaban na'urarmu ya bugo waya, ana jin muryarsa har ɗakin zane.

Sunana ne a ƙasan takardar, don haka ni aka kira. Doutor Olavo bai ko ce in zauna ba. Ya ce dama an gaya masa kada ya ɗora mace a kan abin da ya fi ƙarfinta, ya ce ja ko jariri ya san shi. Na rantse ban ga ja ba. Ya ce in je ofishin ma'aikata in karɓi takardata. Ina juyawa na ga Seu Aristeu a bakin ƙofa, ya haɗa hannuwa a baya kamar ɗan makaranta.

Ya ce, "Doutor, yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Babu ja a ranar. Ni na cire shi."

Ya yi bayani tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Doutor Olavo ya saurara, sannan ya yi abin da ban yafe masa ba. Ya buɗe ƙofar ofis sosai yadda kowa zai ji, ya zaro alƙaluma biyu daga aljihu, ja da kore, ya ɗaga.

"Wanne ne ja, Seu Aristeu?"

Seu Aristeu ya ƙura wa alƙaluman ido.

"Haba, dattijo, canka mana. Ko ka faɗi ko ka ci, ai rabi da rabi ne."

Ya nuna na hagu. Wani ya tuntsire da dariya a ɗakin zane, daga nan na san bai ci ba.

Ba a kore shi ba. Sallamar mai shekarunsa a aiki tana da tsada, kamfanin kuma ya san haka. Aka karɓe makullin gidan kifi aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin zane a ƙasa, kusa da injin kwafi mai warin da ke sa hawaye. Ni aka ba ni safiyarsa, aka kawo wani daga Campinas ya riƙe yamma. Na je na sami Doutor Olavo na ce masa abin ai mai sauƙi ne, a mayar da alamar karo shuɗi ga kowa, a sauya wa bututun iska wani launi, kafin kofi ya huce an gama. Ya ce shi ma ya san haka, ba launi ne matsalar ba. Labari ya riga ya zaga gari, kuma ba zai yiwu mai matata ya leƙo ta gilashi ya ga makaho a gaban na'urar da ta fi gidansa tsada ba. Ya ce dai a bari ƙura ta lafa, sai a duba. Na kai wa Seu Aristeu wannan magana don in kwantar masa da hankali, shi kuwa ya riƙe ta da hannu biyu.

Ƙurar ba ta lafa ba, don ba a bar ta ba. 'Yan walda suka sa masa suna Danja. In ya wuce a keke sai su ɗaga masa hannu su ce tsaya, ja ce. Akwai wanda ya riƙa ajiye masa ɗanyar gwaiba a tebur da 'yar gaisuwa wai ga nunanniya. Mutanen da ya koya wa karanta zane ne fa. Da rana yakan hawo da kwanon shinkafa da wakensa ya tsaya a bayan gilashi yana ci yana kallon hannuna. In na bi doguwar hanya a inda akwai gajeriya, sai ya ƙwanƙwasa gilashin da cokali ya girgiza kai. Duk sabon littafin da ya zo na na'urar, ni nake sato masa ya kai gida ya karanta, don kada ranar da za a kira shi ta same shi a baya. Ni kuwa kujerar ta zame mini ƙaya. Kowane wata sai na tuna wa Doutor Olavo alkawarinsa, kowane wata sai ya ce ana dubawa.

Shekara biyar aka yi ana dubawa. A cikinsu farashin fetur ya faɗi, aikin matatu ya ja baya, sannan ƙananan kwamfutoci masu araha suka fara yin rabin abin da tamu ke yi, ba ruwansu da ɗaki mai sanyi. Aka jera su a kan tebura a fili, aka fito da ni ma. Babbar aka lulluɓe ta da leda a gidan kifi. Sai magana ta fara yawo cewa za a tashe ta don a kwashe tsofaffin ayyukan da ke kaset zuwa sababbin na'urori, kuma ba wanda ya san cikinta da wajenta kamar mutum ɗaya. Da sakatariya ta sauka ta ce wa Seu Aristeu Doutor yana son ganinsa gobe da safe a gidan kifi, sai da ya sa ta maimaita wurin.

Ya zo da farar riga mai guga, ya yi aski, Dona Zuleica har turare ta fesa masa. Ya ratsa ɗakin zane yana gaisawa da kowa. Ya tsaya a teburina ya ce, "Tsinke, taso ki ga yadda ake aiki." Na bi shi.

Doutor Olavo yana ciki a tsaye. Bai ja magana ba. Ya ce ana shirin sayar da rabin kamfanin, masu saye za su turo mutanensu su bincika kowane kaya. Na'urar nan kuwa ba ta da takarda ko ɗaya. A shekarun da doka ta hana shigo da irinta, ta kan iyakar Paraguay ta shigo, cikin akwatin da aka rubuta wa kayan famfo. Ba a iya sayar da ita, ba a iya kyautar da ita, ba a so a same ta. Ya ce tunda zubar da tsofaffin kaya aikin ɗakin ajiya ne, sai Seu Aristeu ya farfasa ta yadda ba za a gane ta ba, kafin motar masu gwangwan ta zo da yamma. Ga guduma nan a gefe an riga an kawo.

Seu Aristeu ya ce ko za a bar shi ya kai ta gida, zai ɓoye ta a ɗakin baya, ba wanda zai ji. Doutor ya ce a'a. Ya ce to a bar shi ya kunna ta sau ɗaya. Doutor ya ce ai tun jiya aka yanke wutar ɗakin, ya duba agogo, ya fita.

Na ce masa ya bari in kira wani daga sashen walda ya yi. Ya ce waɗannan ba su san kanta ba, za su buge ta ta gaba ta tarwatse musu a fuska, don cikin gilashin nan ba iska ko kaɗan. Ya yaye ledar ya ninke ta. Ya jawo kujerar ya zauna, ya gyara tsayinta daidai da shi, ya ɗora hannu a kan maɓallan ya murɗa ɗaya a hankali. Fuskar na'urar baƙa ƙirin, ba komai a ciki sai shi da farar rigarsa, da ni a tsaye a bayansa ina kuka kamar sakarya. Ya daɗe a haka.

Sannan ya miƙe ya naɗe hannun riga. Ya kwance murfin baya da sukurdireba, ya jera kusoshin a gefe kamar mai niyyar mayarwa. Ya sa na kama muka kwantar da ita a kan fuskarta, ya rufa mata buhun sukari. Ya laluba ta cikin buhun har ya sami siririn wuyan gilashin, ya ce in matsa baya, ya ɗan taɓa shi da gudumar sau ɗaya. Aka ji ƙas, sai dogon tsaki na iska tana shiga, har ya tsaya. Waɗanda suka taru a bayan gilashi suna leƙe suka koma teburansu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ajiye gudumar, ya dubi hannunsa, ya goge shi a jikin farar rigar. Sai ya tambaye ni inda ake ajiye tsintsiya a wannan bene.